Taku Goma Sha Huɗu na Manaja

Yayana mai walda ne, kuma tun muna yara ba shi da sauƙi. Mu biyar ne a ɗakin Inna, shi ne babba ni ce auta. Yana aji huɗu ya bar makaranta ya koma shagon wani mai walda a bakin titin jirgin ƙasa, wai shi ba zai zauna ana yi masa tsawa a kan abin da ba ya kawo abinci ba. A shagon kuwa tsawar da ya sha ta ninka ta makaranta, har da mari, amma bai taɓa kawo ƙara gida ba. Sai dai ya dawo idanu jawur suna zubar da ruwa saboda hasken wutar walda, Inna ta jiƙa tsumma ta ɗora masa. In ka ce masa sannu, sai ya ce sannun me.

Haka ya girma har ya buɗe nasa shagon. Abu biyu ya sani a duniya, abin da ya lanƙwashe a miƙar da shi, abin da ya karye a haɗa shi. Roƙo kuwa bai iya ba. Ko gishiri ne ya ƙare a gidansa, gara a ci lami da a aika gidan maƙwabta. Ya auri wata tela mai sanyin hali, wadda har yau Matar Yaya nake ce mata. Shekara uku suna jira kafin Allah ya ba su 'ya mace.

Kwana huɗu da haihuwa idon jaririyar ya koma rawaya. Aka ce shawara ce, za ta wuce. Kafin a kai ta asibiti shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ta shekara biyu ba ta iya zama da kanta ba, ƙafafunta a sandare suna harɗewa kamar almakashin uwarta. Likita ya gaya wa Yaya a fili ya nemi keken guragu, yarinyar nan ba za ta taka ba. Sai da muka fito bakin ƙofa Yaya ya yi magana.

"Shi allura ya sani," in ji shi. "Ni ƙarfe na sani."

Kan yarinyar kuwa lafiya lau. Magana ce dai take fito mata da ƙyar, tana jan kowace kalma, amma abin da za ta faɗa sai ka riƙe baki. Idan uwar ta tafi sayen yadi, a bayan shagon walda ake shimfiɗa mata tabarma, daga nan take ba da umarni. "Baba, ƙofar nan a karkace take." A auna, a karkace take kuwa. Masu kawo aiki suka sa mata Manaja, sunan ya bi ta har na gaskiyar ya ɓace.

Tana shekara huɗu Yaya ya kawo bututun ruwa guda biyu ya kafa su a lungun gidansu, daga ƙofar ɗaki zuwa famfo, daidai tsayin ƙugunta. Ya je asibiti ya kalli takalmin ƙarfen da ake sa wa irinta sau ɗaya, ya dawo ya ƙera nasa, Matar Yaya ta ɗinka masa soso ta ciki. Kullum da safe kafin ya buɗe shago, awa ɗaya ce cif. Ban taɓa ganin ya ɗaga mata hannu ba, amma wallahi da dukanta yake yi da ya fi sauƙin kallo. In ta faɗi sai ya harɗe hannuwa ya tsaya a kanta, ya ce duk wanda ya ɗaga ta ya bar masa gida. Uwar takan shige ɗaki ta kunna keken ɗinki da ƙarfi don kada ta ji. Yarinyar ta ja jiki ta kamo bututun, majina da hawaye, ta miƙe.

"Gwiwa!" haka yake cewa. "Kulle gwiwar! Ba ki da izinin faɗuwa a gidan nan."

Duk inda ta kai ba tare da ta dafa ba, sai ya ja layi da alli a siminti. Shekara biyar ana wannan. Layin ya tashi daga taku ɗaya ya kai goma sha huɗu. Ranar da ta yi sha huɗun na ga haƙoran Yaya a waje, abin da ko ranar aurensa ban gani ba.

A cikin shekarun nan ne ta shiga makarantar yara masu buƙata ta musamman, can ɗaya ƙarshen garin, sai an tsallake titin jirgi da gada. Gwamnati ce ke biyan kuɗin motar. Wata farar bas ce mai ƙofa a baya, takan tsaya a ƙofar gidansu bakwai saura kwata, direba ya danna ham sau biyu, mai rakiya ta sauko ta taya ɗauka. Kujerar bayan direba ce ta Manaja. Yaya da kansa ya yi mata maɗauri na musamman, ya kuma gyara matakalar bas ɗin bai karɓi ko kwabo ba. Manaja ta kama karatu kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa. Cikin shekara biyu ita ke karanta wa ubanta ma'aunin da masu aiki ke rubuto masa a takarda. In aka yi hutu sai ta rame.

Sai gwamnati ta ce kuɗin jigilar yaran ya yi mata nauyi, daga yanzu duk shekara sai an tantance kowane yaro. Aka aiko da wasiƙa. Ni ke da shagon buga takardu, ni ake kawo wa duk wata takarda ta gidanmu, don haka Yaya ya kawo mini ita da baƙin hannunsa a jiki. Shafi biyu ce. Na karanta na farko, an ce a kawo yaro ranar kaza a duba yadda yake motsi. Na biyun ƙananan rubutu ne cunkus, ga mutane sun yi layi suna jiran in buga musu, sai na miƙa masa abarsa na ce ya kai ta kawai, so suke su ga inda ta kai. Laifina ke nan a wannan labari, kuma ba na neman a rage mini shi.

Yaya ya ɗauka ranar nuna aiki ce ta zo. Sati biyu yana ƙara mata rabin awa da yamma. Ya goge takalmin ƙarfen ya yi masa fenti. Matar Yaya ta ɗinka mata sabuwar riga, aka yi mata kitso. Ni ma na rufe shago na bi su, wai kada a yi abin farin ciki ba ni.

Wani zaure ne a ofishin ilimi, benci-benci a jere, an ja jan layi a ƙasa an yi masa alama goma. A ƙarshen layin akwai tebur, bayansa wani mutum mai ƙaramin gilashi da hatimi a hannu, gefensa wata ma'aikaciyar jinya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yaran da muka tarar. Na san wasunsu, ina ganinsu ta tagar bas fes da su. Ranar kuwa duk a yamutse suke, ba wanka, an cire musu takalma da sanduna, kowane an saɓo shi a kafaɗa. Yaya ya dube su ya taɓe baki.

"Dubi iyaye," ya ce mini a hankali. "Ko kunya ba sa ji."

Wata mata mai ƙiba da ke kusa da mu, ɗanta a kwance a cinyarta, ta kalli Manaja ta kalli fentin takalmin, sai ta jawo gefen mayafin Matar Yaya.

"Baiwar Allah, ku cire mata wannan ƙarfen. In an ce ta taka, kar ku bari ta taka. Ku ɗauke ta a hannu."

Yaya ya ji. Ya juyo ya ce, "Hajiya, mu ba bara muka zo ba."

Matar ta saki mayafin ta kau da kai.

Da aka kira mu, Mai Hatimi bai ɗago ba ya ce, "Tana iya tsayawa?" Yaya ya tsayar da ita a bakin layin, ya ja da baya, ya harɗe hannuwa. Manaja ta kulle gwiwa. Ƙarfen na ƙara a siminti, ƙwas, ƙwas, zauren ya yi tsit. Ta wuce biyar, gumi na bin kitsonta. Ta wuce takwas. Ta kai ƙarshen layin ba ta tsaya ba, don ita sha huɗu ta sani, sai da ta dafa teburin mutumin. Ni na fara tafi, shashashar banza. Babu wanda ya taya ni.

Mai Hatimi ya ce, "Masha Allah, kun yi ƙoƙari," ya buga hatimi ya miƙo takarda da wani ɗan kati.

A waje na karanta shafi na biyun. Yaron da ba zai iya taku goma ba tare da taimako ba, shi gwamnati za ta biya wa motar ƙofar gida. Wanda ya iya, an ɗauke shi mai tafiya da ƙafarsa, sai a ba shi katin rangwame ya hau motar gari kamar kowa.

Tashar motar gari tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai ƙafa. Matakalarta ta kai gwiwar babba, kwandasta kuwa ba ya jiran ka sa ƙafa ta biyu. Sau ɗaya aka gwada. Yaya ya koma kai ta a babur, ya ɗaure ta a bayansa da zanin matarsa, mutane na kallo. Kwana tara ana haka. A na goma ƙafarta ta sauka kan salansar babur ɗin, ba ta iya janyewa ba, ƙarfen takalmin ya ɗauki zafi, ita kuma ta yi shiru don kada a ce a koma gida. Sai a ƙofar makaranta aka ga fatar ta saluɓe. Tasi kuwa wata ɗaya ya gwada ya ga shagon zai rufe.

Muka koma ofishin ni da shi. Mai Hatimi ya saurare mu yana goge gilashinsa.

"Malam, ni na sa ta tafiya? Ku kuka kawo ta, ta taka a gaban kowa, har da ƙari. Me kake so in rubuta?"

Yaya ya ce, "Taku sha huɗu ne, ranka ya daɗe. Makarantar a bayan gada take."

"Ni goma aka ce in ƙirga. Ku dawo in shekara ta zagayo."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bas ɗin ba ta daina bin layinsu ba, don akwai wani yaro gaba da su. Bakwai saura kwata take wucewa, kujerar bayan direba ba kowa, maɗaurin da Yaya ya yi yana lilo. Satin farko direban ya tsaya ya ba da haƙuri, ya ce a ƙofar makaranta ana duba sunaye, in ya ɗauki wanda ba ya cikin takarda aikinsa ya tafi. Daga baya sai ya riƙa ɗaga hannu kawai. Daga baya ma ya daina kallon gefen. Manaja kuwa kullum sai ta sa an sa mata kayan makaranta, ta zauna a bakin ƙofa da jakarta a cinya har bas ta wuce. Uwar ta gaji ta ɓoye kayan, ta ce ɓera ya ci. Wata takwas ta yi a gida.

Saura wata biyu a sake tantancewa, Yaya ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya nemi gidan matar nan mai ƙiba, ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta koya masa. Ta koya masa kuwa, dalla-dalla. A cire ƙarfe. Kada a yi mata wanka kwana uku. Kada ta ƙi tashi gaba ɗaya, don za su gane, ta yi taku biyu ta faɗi a na uku. Kuma ta faɗi ta gefe, kada ta tare da hannu, mai tarewa da hannu yana da ƙarfi.

Yaya ba ya rabin aiki. Lungun nan dai, awa ɗayan nan dai ta safe. Sai dai jikin da aka shekara biyar ana gaya masa ba shi da izinin faɗuwa ya ƙi faɗuwa. Ta kai taku na uku, gwiwar ta kulle da kanta.

"Faɗi!" in ji Yaya.

Ta sulale a hankali tana neman bututu da hannu.

"Wannan ko jariri ya san ƙarya ce. Tashi, sake."

Ya ɗauke tabarmar da uwar ta shimfiɗa, wai da tabarma ba za ta koyi ta gaske ba. Kafaɗarta ta yi baƙi, gefen ƙugunta ya kumbura. Wata safiya na zo kawo wa Matar Yaya zare, na tarar ana yi. Manaja ta wuce uku ta shiga huɗu, sai na ga Yaya ya sa ƙafarsa ya kwashe tata. Ƙarar da kanta ya yi a siminti har yau tana cikin kunnena.

"Yaya, ba ka da imani ne?" na ce. "'Yarka ce fa!"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Auta, wa ya karanta takardar?"

Na ajiye zaren na fita. Washegari na sake zuwa, ban san me ya kai ni ba. Ya fito da ita ya tsayar a bakin layin alli. Ta ɗago ta dube shi, ba kuka ba fushi, ta ja maganarta kalma ɗaya-ɗaya.

"Baba, yau wanne kake so? Tafiya ko faɗuwa?"

"Faɗuwa," in ji shi.

Ranar tantancewa ta biyu mun je da ita a kafaɗa, ba wanka, cikin tsohuwar riga. Ta yi taku biyu, a na uku ta zube ta gefe, leɓenta ya fashe a kan jan layin. Mai Hatimi ya leƙo ta saman gilashi, ya buga hatimi. Ran Litinin bas ta tsaya a ƙofar gida ta danna ham sau biyu.

Na ɗauka an gama, za a koma lungu a ci gaba daga inda aka tsaya. Ashe ofishin ma sun san abin da iyaye ke yi. Aka sanar cewa za a riƙa zuwa gidaje ba sanarwa, kuma duk yaron da aka kama yana tafiya an cire shi ke nan har abada, an kuma ce mai rakiya da malamai su riƙa kai rahoto. Yaya bai yi shawara da kowa ba. Ya kawo injin yankan ƙarfe ya datse bututun nan biyu daga tushe, ya wanke allin da tsintsiya, takalmin ƙarfen ya jefa shi cikin tarkacen bayan shago. Ya kafa doka, ko a cikin ɗaki kada Manaja ta miƙe, don tagarsu tana kallon ta maƙwabta, kuma shi bai yarda da kowa ba. Matar Yaya ta ce ko minti biyar ne a rufe labule. Ya ce wanda ya saba da minti biyar wata rana zai manta ya miƙe a gaban baƙo.

Sai ya ƙera mata keken guragu. Ban taɓa ganin keke mai kyansa ba, mara nauyi, mai naɗewa, da birki a hannun da ta fi ƙarfi. Iyayen yaran makarantar suka gani suka yi ta kawo aiki. Yanzu rabin abin da ke shigo masa daga kekunan ne, har daga wasu garuruwa ake zuwa. Ya daina ƙofofi da tagogi in ba dole ba.

Manaja ta koma karatunta, ta zo ta ɗaya a aji. Amma ta daina gyara masa aiki, ta daina kiransa Baba in ba shi ya yi mata magana ba. In ya ɗauke ta zai sa a bas, sai ta kau da fuska ta kalli titi. Ƙafafun kuma suka fara komawa yadda suke a da. In uwar na yi mata wanka sai ta ga gwiwar ba ta miƙewa duka, agarar ta ɗaure, tafin ƙafar ya juya ciki. Ta gaya masa. Ya ce ya sani.

Shekara ta sake zagayowa. Wannan karon babu wani shiri da aka yi. Muka tura ta a kekenta har bakin jan layin, tana da shekara goma sha ɗaya. Mai Hatimi na nan a kujerarsa, ya ƙara furfura.

"Tana iya tsayawa?"

Yaya ya buɗe baki zai ce a'a, Manaja ta riga shi.

"Ina iyawa," ta ce. "Sha huɗu nake yi. Shi ya ce in faɗi."

Matar Yaya ta dafe ƙirji. Mai Hatimi ya ajiye hatiminsa ya jingina da kujera ya ce, "To bismillah, tashi mu gani."

Ta ja birki. Ta dafa hannuwan keken ta yunƙura. Ni na san idon yarinyar nan tun tana cikin tsumma, kuma na rantse da Allah da gaske take. Jijiyar wuyanta ta fito, haƙoranta a datse, ta ɗago jikinta kamar taƙi ɗaya daga kujerar, ta sauke ƙafa a ƙasa tana neman gwiwar ta kulle. Gwiwar ta ƙi. Ta koma ta zauna, ta sake yunƙurawa. Sau huɗu ta yi. A na huɗun hannunta ya zame, ta kife a gaban keken, ƙafafun a harɗe, tana ja da gwiwar hannu tana son kamo ƙafar benci. Babu wanda ya taɓa ta. Yaya na tsaye a kanta hannuwansa a sake.

Mai Hatimi ya yi 'yar dariya ya dubi ma'aikaciyar jinya.

"Kin ga sabon salo? Har da cika baki kafin a faɗi. Wallahi iyayen nan sun iya koyarwa, wannan ta fi kowa iya wasan." Ya buga hatimi ya miƙo takardar. "Ku je, ba ni da lokacin bincike. An ba ta mota."

Yaya ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Mun gode, ranka ya daɗe," in ji shi.